Allon Bakin Kanal

Ba a tambaye ni ba ranar da aka zaɓi unguwar da zan reni 'ya'yana, kuma har yau abin bai bar raina ba. Da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, maigida ya tafi Talata Mafara shi kaɗai neman mazauni. Cikin gari, inda gwaggonsa take, ya ce cunkoso. Ƙanensa ya kira mu Damri, maigida ya ce nisa. Sai ga shi ya dawo baki har kunne, wai ya samu ɗaki biyu a bayan gari, cikin ma'aikatan noman rani, ruwa a ƙofar gida.

"Ko sunan wurin albarka ne," in ji shi. "Allo na nan an kafa, ni na karanta da kaina: Hadari. Wane manomi ka ƙin hadari?"

Bokonsa na aji biyu ne. Ni lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Ruwan nan kanal ne, dogon rami na siminti, gefensa a tsaye, ga gansakuka. 'Ya'yana uku kuwa 'yan gulbi ne. Gulbi yana da gaɓa: ka taka yashi, ruwa ya taɓa idon sawu, sannan gwiwa, in ka ji tsoro ka koma. Su a saninsu duk ruwa haka yake. Kwana huɗu ban zauna ba. In ɗaga taɓarya, in ajiye, in leƙa zaure. Sau biyu tuwo yana kama mini.

Rana ta biyar da hantsi maƙwabciyata, wata Kirista matar ma'aikacin dam, ta shigo janye da ɗiyata mai shekara huɗu, jiƙe har wuya, gwiwa duk jini. A hannu ta cafko ta daga cikin kanal ɗin.

"Maman yara, ba ki ga allo ba ne?"

"Na gani. Ba sunan unguwa ba ne?"

"Wane suna? Haɗari ake nufi, baiwar Allah! Mai fenti ne bai lanƙwasa kan harafin ba."

Shekaru da yawa bayan haka, a ajin yaƙi da jahilci, ranar da malama ta kawo mu kan harafin ɗ, na danna lanƙwasar nan har fensir ya huda takarda. Mata suka yi ta dariya. Ban gaya musu dalili ba.

Da la'asar maigida ya dawo, na tsayar da yarinyar a gabansa.

"Malam, hadarinka ya taso, saura kaɗan ya tafi mini da ɗiya."

Ya duba gwiwar, ya daɗe. "Ki riƙa kulle ƙofa mana."

"Kaji gare ni da zan kulle a akurki? Mu koma cikin gari."

"Mutane su ce mi? Sati guda ba mu yi ba. Bari in yi tunani."

Na san tunaninsa, yakan kai kaka.

Da gari ya waye na naɗe tabarma, na ɗora tukunya a ka, na goya ƙaramin, na sa manyan biyu a gabana, muka kama hanyar gidan gwaggonsa, inda rijiya take da murfi. Na bar masa kokonsa a rufe, da allonsa.