Moter ɗina a maƙerar Ɗan Baro

Jama'a, yau na ga abin baƙin ciki da idona!

Kun san tsohon injin sharata mai zuƙe ƙura, mai kama da tulu, wanda na zo da shi daga Abijan farkon samun 'yancin kai. Moter ɗinsa, wanda ke juya shi, ya tsaya. Na zaɓi sabon moter a kasuwar Dogon Dutsi, tsohon kuma na ba abokina Ɗan Baro maƙeri kyauta, ya cire jan ƙarfen.

Sabon fa ƙara kawai, ko gashin kaza bai zuƙa!

Ɗazu na bi ta maƙera, sai ga taro. Moter ɗina ne ke hura wuta! Daga Kumasi har Dakar ban ga zugazugi irinsa ba.

Na ce, "Kai, mi ka yi mishi?"

Ya ce, "Ba komi, Alhaji. Zanzaro ne ya yi gini ciki, na kakkaɓe."

Na ce, "To, maido min."

Ya ce, "Kyautar da ka yi gaban mutane? Kawo tabarmarka dai in hure maka."

Har manoman Matankari suna kiransa injiniya. Shi!