Littafin Goggo Asana

Duk wanda ya san Goggo Asana a Zango ya san yatsan nan. Sai ta ƙwanƙwasa goshi ta ce, “Littafina yana nan, ɓera bai ci, ruwa bai jiƙa.”

Tagwaye ne ita da babana Fuseini. Shi aka kai makaranta, ita aka ɗora mata tiren goro zuwa kasuwar Kejetia. Har ta mutu ba ta yafe wa biro ba. Da aka buɗe ajin manya, kwana ɗaya ta yi ta dawo. Wai yau A, gobe B, kafin a kai ƙarshe goronta ya bushe.

Amma kai, kan nan nata! Wane kaka ya taso daga Katsina, wa ya auri wa, wa aka binne a ina, duk tana riƙe da su. Na taɓa zuwa da littafi in rubuta, ta kore ni da mafici. “Mai mantuwa ke rubutu. Je ki wurin ubanki.”

Da tsufa ya kama ta, sai ta fara zuba gishiri a koko. Muka kai ta asibiti, likita ya miƙa mata biro wai ta zana agogo. Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba! Ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan nan, ga agogo a hannunka, nawa kuma na mene ne?” Muka yi ta dariya. A bakin ƙofa likitan ya ce mini sau da yawa kan da ya sha karatu ya fi jure tsufa. Wallahi dariyar ta maƙale mini.

Baba yana nan yana karanta jarida har yau. Ita kuwa kafin ta rasu takan zauna gefensa tana gaishe shi kamar baƙo. Ciki ɗaya, rana ɗaya. Abin yana ci mini rai.

Wata safiya ta kamo hannuna ta taɓa goshi. “An sace littafin. Kawo biron nan.” Na ruga na ɗauko. Can ta ce, “Fara da ni. Yaya sunana?”

Shi kaɗai na rubuta, sauran shafukan babu komai.

Allah, Kai da ba Ka mantuwa, Ka kira ta da sunanta, Ka sada ta da waɗanda ta manta.