Gudun da Bai Kai Ƙasimu Ko'ina Ba

Duk wanda ya saba bi ta danjar Gyadi-Gyadi ya san Ƙasimu mai biredi. Tun yana saurayi yake bin motoci a guje, leda a hannu, har furfura ta fara leƙo masa. Direba ya fizgi mota, Ƙasimu ya bi shi, ya miƙa biredi ta taga, ya dawo ko haki babu. Da ƙafafun nan ya yi aure, da su yake ciyar da gidansa a Darmanawa.

Bana sai ƙirji ya fara yi masa nauyi. Matarsa Asabe, wadda ba ta magana biyu, ta rantse ba zai koma titi ba sai likita ya yarda.

A asibiti wata nas mai suna Florence ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta ɗora shi kan na'urar gudu, irin mai shimfiɗar robar nan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafa.

Ta ce, "Baba, fara da tafiya, sannan ka yi gudu."

"Zuwa ina?"

"Nan inda kake."

Ikon Allah! Ƙasimu ya doki shimfiɗar yadda yake dukan kwalta, sai ga shi rungume da ƙarfen gaba. Ya sassauta, shimfiɗar ta kwashe shi baya kamar buhu. A titi shi ke ture ƙasa ya wuce, nan kuwa ƙasar ce ke janye masa ƙafa tun bai gama takawa ba. Ba iska a fuska, bango kuma yana nan daram. Kunya ta rufe shi, wallahi kamar ya yi kuka.

Florence ta ɗan yi tunani, ta koma gabansa tana yafito shi da hannu.

"Mai biredi! Kawo, kawo!"

Shi ke nan, ƙafafu suka tuna aikinsu. Taku ya daidaita, har ya fara miƙa hannu. Ba a jima ba likitan da ke duban bugun zuciyarsa a allo ya ce a kashe na'urar.

"Malam Ƙasimu, zuciyarka ba ta ɗaukar gudu. Daga yau sai ka haƙura da shi."

Ƙasimu ya dubi ƙafafunsa, ya dubi bangon, yana haki.

"Haba likita, a kan wannan za ka raba ni da titi? Ni fa ko nan da ƙofa ban je ba."