Hayaƙin Tsakar Rana a Maƙerar Kawu

Da, kafin rana ta take, kawuna ya kashe wutar maƙerarsa a Rimaye. Yanzu da tsakar rana ake ƙona waya a wurin don cire jan ƙarfe. Warin ne ya tuna mini da shi.

Na taɓa tambayarsa dalili, yana yayyafa wa garwashi ruwa. Ya ce, "Ɗan boko, hayaƙin ƙarfe in rana ta dafa shi, dafi yake zama." Sai da na je Alkahira na ji likitoci suna faɗin haka.

A gabana 'ya'yansa suka yi masa alkawarin hana masu ƙona waya wurin. Da ya rasu, ko arba'in ba a yi ba suka saɓa. Allah Ya ba shi sanyin Aljanna. Matarsa dai tarin da hayaƙin ya sa mata ne ya kore ta zuwa Kusada, ta bar ɗakinta ke nan.