Tela a Shagon Madubin Taurari

Dattijon yana tsaye a shagon kyamarori, tef ɗin awo rataye a wuyansa, da alama daga kan keken ɗinki ya taso. Madubin hangen taurari biyu ne gabansa, irin masu lalubo tauraro da kansu su turo hoto a waya. Mai shago sai zuba bayanin gilashi yake, shi ko a jikinsa. Wayar gwaji ya karɓa, yana ja da baya har bakin titi, yana duban inda hoton zai yanke.

"Baba, ina za ka da wayata?"

"Wanda bai yanke ba zan ɗauka, ɗana. A saman bene zan kafa shi. Matata ce ke son ganin wata, ga shi ta daina tashi daga gado."