Ciwon da Ke Jiran Inna a Ruku'u

Ko zan manta komai a duniya, ban da shekarar da Innarmu ta koma tsoron sallah. Lokacin shari'a ba ta daɗe da dawowa ba, matan unguwarmu a Daura mun cika islamiyya, ita ce ma kan gaba.

Tana tsaye lafiya lau, da ta sunkuya ruku'u sai zuciyarta ta hau bugawa kamar ana daka, gumi ya jiƙa hijabi, kai ya sara. Can abin ya sake ta. A asibiti aka auna jininta tana zaune, aka ce ƙalau. To, mene ne wannan?

Gwaggo, yayar Babanmu, ba ta ko tantama. "Ciwon da ba ya tashi sai a sallah? Ai mutanen ɓoye ne!" Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Aljani bai yi magana ba, ciwo bai tafi ba, ni kuwa na rasa wa zan gaskata.

Ran nan na tarar da Inna a kan darduma tana hawaye. "'Yar nan, ko Allah ne ba ya son sallata?"

Da muka koma asibiti, carbinta ya faɗi, ta sunkuya ɗauka, abin ya taso a gaban nas. Aka auna nan take, jini ya yi mugun hawa. Sai Kano. Bayan gwajin fitsari da hoton ciki, likita ya ce, "Hajiya, ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke saman ƙodarki, ba kasafai ake ganin irinsa ba. In kin sunkuya kin matse shi, sai ya saki abin da ke tayar da jini."

Na ce, "Likita, to me ya haɗa shi da sallah?"

"Ko tsintsiya ta sunkuya ɗauka, haka zai yi."

Ashe mu ne! Tun da muka tasa muka raba ta da shara da wanki da daka, ruku'u da sujada kaɗai suka rage mata.

Ta sha magani na makonni, aka cire ƙarin. Ranar da ta fara sallah a tsaye, ta daɗe a ruku'u har gabana ya faɗi. Da ta sallame na tambaye ta ko lafiya, ta ce, "Ƙyale ni, kewarsa nake."

Tun daga nan, in ciwo ya ɗaure mana kai, na daina saurin raɗa masa suna. Addu'a nake yi, ina tambayar me jiki ke yi lokacin da ya taso.