Shagon da Ba Shi da Lamba

Shekara ashirin da shida Mai Makulli ya yi a ƙarƙashin matakalar gabas, cikin babban ginin shagunan nan na bayan gari. Da shi aka buɗe ginin, tun gonaki na kewaye da shi, motar haya ma sai an roƙe ta take kaiwa can. Manajan farko ne ya gan shi yana yankan makulli a bakin titi, rana na dukan ƙeyarsa, ya ce ya shigo ya raɓe a lungun matakala. Faɗin wurin taku huɗu ne, tsawonsa taku shida, kuma daga taku na uku sai ka sunkuya. Ba a yi takarda ba. Manajan ya ce maganarsa ta isa, kuma ta isa ɗin, har ya bar duniya.

Shago tamanin da huɗu ne a ginin. Mai Makulli ya kafa allo mai ƙusa tamanin da huɗu, kowace da lambarta, inda yake rataye makullin ko-ta-kwana na kowane shago. A gabansa ginin ya cika har mutane na taka ƙafar juna. A gabansa kuma aka karkatar da babbar hanya, babban kantin da ke hawan ƙasa ya tashi ya bar ginin, maɓuɓɓugar ruwan tsakar gini ta bushe ta zama wurin zubar da kwali. Duk wanda ya rufe shago zai bar ginin, wurinsa yake kawo makulli su yi sallama.

Da sabon kamfani ya sayi ginin, aka sanar cewa za a rushe shi a yi sabo, gidaje a sama, shaguna a ƙasa, kuma duk tsohon mai shago zai samu wuri. Aka raba fom. Layin farko ya ce a rubuta lambar shago, nan biron Mai Makulli ya tsaya. Maƙwabcinsa tela, mai lamba goma sha ɗaya, ya ce ya rubuta sifili, ai shi ma lamba ne. Mai Makulli bai yi dariya ba.

Sau biyar yana hawa ofishin kamfanin. Wata matashiya mai kula da rabon wurare takan tarbe shi da ladabi, ta ba shi kujera, ta bayyana masa cewa kwamfuta ba ta wuce layin farko in babu lamba. Ya kawo hoton ranar buɗe gini, ga shi nan a gefe da gashinsa baƙi wuluk. Ya kawo sa hannun masu shago talatin da tara. Ta duba duka, ta ce ita ta yarda, kwamfuta ce ba ta yarda ba. A zuwa na biyar ta ce in da za a samu tsohon zanen ginin a ga wurinsa a ciki, da magana ta ƙare. Sai dai zanen yana ɗakin ajiyar manajan farko, kuma an rasa makullinsa shekara da shekaru.

Ya ce ta jira shi. Ya sauka, ya ɗaga allonsa, ya ciro wani makulli daga ƙusar baya da babu lamba a kanta. Da hannunsa ya buɗe ɗakin, ya kakkaɓe yanar gizo-gizo, ya shimfiɗa mata zanen a kan tebur. Ta bi matakalar gabas da yatsa har ƙasa. Ga lungun nan, taku huɗu da shida, an zana shi tsaf, an rubuta a ciki: ɗakin tsintsiya.

Matarsa, da ta ji labari, ta ce wato shekara ashirin da shida ana ciyar da gidan nan daga ɗakin tsintsiya, ita ba ta sani ba tana ta yi wa ƙawayenta taƙama mijinta mai shago ne. Ta ga fuskarsa, ta bar wasan, ta matso masa da abinci.

Washegari ya koma ya tambaya ko sabon ginin yana da ɗakin tsintsiya. Matashiyar ta ce akwai har uku.

"To 'yata, rubuta ni tsintsiya. Ban ƙi ba."

"Baba, an riga an ba kamfanin shara su." Ta ƙara da cewa, "Kuma ƙofofin sabon ginin da kati ake buɗe su."

Ranar kwashe kaya ya cire makullan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa duk wanda ya samu nasa, ragowar arba'in da biyar ya zuba a gwangwani. Yanzu injinsa na yankan makulli yana bakin titi, jikin shingen kwanon da aka kewaye ginin da shi, kusan daidai inda manajan farko ya same shi. Tela yakan biyo ta wurin ya tambaye shi yaya shago. Shi kuwa har yau in ya tashi daga kujera sai ya sunkuyar da kai, kada ya bugi matakalar da aka rushe tun bara.